Shekarar da aurena yar rataya ga gashin kaza

Ni ɗiyar masunta ce. Ubana da kakana duk cikin gulbi sunka tsufa, can wajen Goronyo, tun ba a datse ruwan ba. Tun ina goye nike shaƙar ƙarnin kifi. Na san tarwaɗa, na san karfasa, na san kurungu da kukan da shike yi in an fidda shi, na san watan da kowane ke ƙiba. Sai Allah Yah haɗa ni da ɗan boko, mutumin Wurno, wanda aikinai shi tafi bakin ruwa da safe shi dubi wani ƙarfe mai lamba da anka kafa, shi rubuta inda ruwa yak kai, shi koma ofis. Shekara talatin da wani abu shina wanga aiki. Ruwa kam ya auna shi, amma ko kifi guda bai taɓa fiddawa cikinai ba.

Da yag gama aikin gwamnati yaz zauna gida, babban ɗanmu ya aiko mishi da waya mai faɗin faranti. Cikinta yag ga wasu Turawa tsaye cikin ruwa har cinya, sanye da wandon roba, suna wulwula zare bisa kansu awa masu korar tsuntsu gonar shinkafa. Shi yat tuna mishi da kayan Bature. Lokacin da ake aikin madatsar Goronyo akwai wani Bature da mijin nawa, Alhaji, yay yi aiki ƙarƙashinai, da za shi koma ƙasarsu yab bar mishi wata doguwar jaka. Cikinta da sanda siririya mai gaɓa uku, da ɗan gargare mai naɗe zare, da gwangwani cike da ƙugiyoyi waɗanda anka ɗaure wa gashin tsuntsu. Tun sannan jakar na soke cikin azarar ɗakinai.

Da yab buɗe gwangwanin, asu ya riga ya cinye gashin, sai ƙugiyoyi tsirara.

Nac ce, "To Alhamdu lillahi, ƙugiya dai ƙugiya ce. Bari in tono maka tana bayan randa."

Yad dube ni awa na zage shi. Wai kamun tana babu ilimi cikinai. Wai Bature ba shi yaudarar kifi da abinci, sai da hikima: shi ɗaura gashi ga ƙugiya, kifi shi zaci ƙwaro ne shi haɗiye. Wai kifin da suke kamawa can sunanai tirawut, mai ɗigo-ɗigo awa zabuwa, cikin ruwan sanyi mai gudu bisa duwatsu.

Nac ce, "Alhaji, wa yag gaya maka akwai shi gulbin Rima?"

Yac ce kifi duk kifi ne.

Washegari nag ga zakarana shina yawo tsakar gida babu wutsiya.

Majalisarsu ƙofar gidanmu take, gindin dogon yaro, kuma katangar ba ta ɓoye mini komi. Mutum biyu ba su rasa zama nan. Akwai liman, maƙwabcinmu, mai ciwon gwiwa. Akwai kuma taubashin Alhaji, ɗan gwaggonai, dillalin albasa daga Achida, wanda Allah Yah halitta don tsokana kurum. Ranar da abin yaf faru damina ta yi nisa, gero ya kai gwiwa, ni kuma ina zaune bayan katanga ina tsince wake. Alhaji ya fito da ƙugiyoyin da yaɗ ɗaura wa wutsiyar zakarana shina nuna musu.

Taubashi yac ce, "Wai Alhaji, kifin gulbin ga makaho ne ko mahaukaci, da za shi bar tana shi ci gashin kaza?"

"Kai albasa kas sani."

"Na san albasa. Kuma ban taɓa ganin akuyar da tac ci hoton albasa ba."

Anka fashe da dariya. Alhaji yac ce jahilci ne. Taubashi yac ce to a kawo ilimin a soya. Haka sunka yi ta yi, muryar Alhaji na ƙara tashi, ni kuwa na san wagga murya, shekara arba'in da ɗoriya nike jin ta. Sai naj ji yac ce:

"To ku shaida. In garin ga yaf fita shuka baɗi ban kawo kifi nan gindin iccen ga ba, wanda nak kama da gashin kaza tsura, babu tana babu komi, to a bakin auren uwar ɗiyana."

Liman yac ce, "Inna lillahi." Ni kuwa faifan wake yas suɓuce mini, kaji sunka taru suna ci, ban ko kore su ba.

Sai in faɗi abin da yas sa. Alhaji ya sake ni sau biyu a baya. Na fari muna da ƙuruciya, ya faɗo daga keke gaban abokanai nay yi dariya. Na biyu kuwa takardun ofis yak kawo gida, na awon ruwan shekara guda cur, ni lokacin ban san baƙi ba, nag ga takarda mai kyau nah hura wuta da ita. Duka biyun an mai da aure. Saura igiya guda ke nan, kuma ita ce yaɗ ɗauka yaɗ ɗaura wa wutsiyar zakara.

Da safe nay yafa mayafi nat tafi gidan liman.

Nac ce, "Malam, ka ji da kunnenka. Mi ne kaffarar wanga shirme? In ciyarwa ce ni zan dafa."

Yas sunkuyar da kai. Yac ce, "Hajiya, wagga ba ta da kaffara. Magana ta fita. In wa'adi yac cika babu kifi, aure ya ƙare, kuma babu kome sai kin auri wani."

"Ni? Da haƙori bakwai?"

"Haka hukuncin shike."

"To hukuncin bai ce komi ba kan namijin da ke caca da matatai don dillalin albasa ya yi mishi dariya?"

Yac ce hukuncin ya ce, ya ce abin ƙi ne ƙwarai. Nac ce to na gode, abin ƙi shi shina kwana ɗakinai, ni ce mai naɗe tabarma.

Da nak komo gida Alhaji bai iya haɗa ido da ni ba. Yac ce, "Ki kwantar da hankalinki, shekara guda ce fa. Ko makaho ya kama kifi cikin shekara." Nac ce makaho tana shike sawa.

Damina dai ta wuce a banza. Gulbi ya cika ya yi ja awa kunun dawa, ko hannunka kas sa ba ka ganin yatsu, balle kifi shi ga gashi. Kullum bayan hantsi Alhaji na bakin gaɓa shina shauɗa zare gaba da baya. Masu noman fadama sunka riƙa aje hauya suna kallo. Ya kama reshen ƙaya, ya kama malfar wani Bafillace da yaz zo shayar da shanu, ranar wata Laraba kuma yak kama kunnen kainai. Haka yad dawo gida da gashin zakara na reto ga kunne awa amarya. Ni nac cire mishi irin yadda ake yi gidanmu, a tura ƙugiyar gaba ta ɓullo a datse bakin. Ban yi mishi a hankali ba.

Da kaka ruwa yaj ja baya yab bar tafkuna cikin fadama, kifi ya ƙibe ya rasa wurin zuwa. Lokacin ko mata masu wanki da kwando suke kwasar tarwaɗa. Nac ce yanzu kam ko bisa kuskure wani ya haɗiye. Sai Alhaji yac ce kifin Wurno ya gane shi, waya ta ce kifi na da wayo in an dame shi. Yash shiga mota yat tafi Rabah, gulbin can, kwana uku. Yad dawo da kwaɗo. Kwaɗo ya yi tsalle ya cafke gashin, kuma Alhaji bai ji kunyar kawo shi ba, wai don a ga dabarar na aiki.

Taubashi yac ce, "Malam liman, a duba littafi. Cikin ruwa shike kwana, cikin ruwa shike haihuwa. Ko a ba shi rabin aure?"

Sannan yaɗ ɗaga murya don in ji ta bayan katanga: "Hajiya, kada ki damu. In ta faru ni ina ciki. Ɗakin albasa guda zan kwashe miki."

Nac ce, "Gara in auri kwaɗon."

Ƙugiyoyin Alhaji kuwa kullum ƙara kyau suke. Ya gama da zakara ya koma kan zabi, ya tsefe zaren zinariya daga tsohon mayafina, ya rina gashi da shuni da jan galura. Kowace da sunanta. Akwai wata babba, ja da kore, mai girman ɗan tsako, wadda shike kira Gimbiya. Duk kifin da yag ga Gimbiya ta faɗo ruwa, in shina da hankali, Nijar za shi nufa.

Da sanyi yas shigo yac ce yanzu ne lokacin, tunda kifin Bature ruwan sanyi shike so. Za shi ƙasan madatsar Goronyo inda ruwa ke fitowa da ƙarfi. Nab bi shi, nas sauka gidan yayana, wanda har yau shike su da gora da homa duk da tsufanai. Alhaji ya sa tela ya ɗinka mishi wandon shiga ruwa da tampol irin na rufe albasa, tun daga ƙafa har ƙirji. Da hantsi yash shiga. Taku biyar, ruwa yaz zuba ta sama yac cika wandon, Alhaji yaz zama salka. Yaya ne yab bi shi bisa gora yaj jawo shi ta wuyan riga. Mako biyu shina kwance shina tari.

Ranar da anka tsamo shi, Yaya yak kira ni gefe inda shike gyaran taru.

Yac ce, "Ke, wanga mijin naki ba shi kama komi har a busa ƙaho. Ki bari shi warke shi dawo. Ni zan nutsa da karfasa mai rai in maƙala mishi ga ƙugiya. Ko shi ba shi sani."

Wallahi sai da nay yi lissafin abin. Sannan nac ce, "Yaya, a ruɗi liman, a ruɗi mai albasa. To ni fa? In zauna ina tuƙa tuwo gidan mutumin da na san ba mijina ba ne, har in mutu a wanke ni can?"

Yac ce, "To shi ke nan. Ga ɗaki nan, in ta ɓaci." Yan nuna mini ɗakin da suke aje taru da gorunan su. Babu taga, ƙofar kwano, ƙarni har ƙofar gida. Nat tsaya ina dubanai. Nat tuna ɗakina na Wurno inda nah haifi tara, da lemun tsamin da nad dasa bakin rijiya, da zogalena. Kuma in faɗi gaskiya, nat tuna da wawan da ke kwance shina tari. Na saba da shi. In ya yi tari da asuba na san ko na ƙura ne ko na neman shayi.

Bazara taz zo, zafi ya sauko, an cire albasa, gulbi ya koma siriri shina bin tsakiyar yashi, ruwan garau. Kajina duk sun koma awa an fige su za a soya, maƙwabta na tambaya ko ciwo yash shigo. Alhaji ya rame. Ya bar zama majalisa sosai, in ya dawo daga gulbi sai shi wuce ɗaka. Kowa na duban gabas shina roƙon ruwa, ni kaɗai cikin Wurno nike roƙon Allah Shi ɗan jinkirta, sannan in yi istigfari.

Wata rana bayan azahar shina barci, nash shiga share ɗakinai nag ga gwangwanin Bature buɗe. Ƙarƙashin ƙugiyoyin akwai wani ɗan littafi da ya yi ja don tsufa. Ni kuwa tun ƙona takardun nan abin ke ci mini rai, shi yas sa da anka buɗe ajin manya unguwarmu nash shiga da furfurata, kuma tun da nag gane baƙi ba ni barin rubutu shi wuce ni, ko na buhun taki ne. Nab buɗe. Hannun Alhaji ne na ƙuruciya, da Hausa, abin da Bature yag gaya mishi shina rubutawa. Nab bi da yatsa. Shafin fari cewa yay yi, kafin ka haɗa sanda, zauna bakin ruwa ka dubi ƙwaron da ke faɗawa ranar, ka ga wanda kifi ke tasowa shina ci. Shi za ka kwaikwaya, girmanai da launinai. In babu abin da kifi ke ci bisa ruwa, koma gida.

Sauran shafukan duk na yadda ake wulwula zare ne, kuma su ne sunka yi baƙi da dattin hannu. Shafin fari tas shike.

Naz zauna bakin gado. Ashe Baturen ba mahaukaci ba ne, masunci ne irin ubana. To mi kifin gulbinmu ke tasowa shi ci bisa ruwa? Tarwaɗa ƙasa take kiwo cikin laka. Sai nat tuna ina yarinya, ranar da ruwan fari mai ƙarfi yas sauka, da yamma shinge ke fitowa daga suri, garin duk fukafukai. Mu muna bin su da ƙwarya don suya, waɗanda iska yak kai gulbi kuwa suna faɗawa ruwa, sai ka ga kawara na tasowa tana cafka, gulbi na tafasa awa tukunya. Ubana ba shi ko jefa fatsa ranar, cewa shike yau kifi ba shi duban tana.

Rana guda ce cikin shekara. Kuma ruwan da ke fiddo shinge shi ne ruwan shuka. Yau shi sauka, gobe da asuba gari shi fita gona. Tsakanin la'asar da magariba ke nan aurena shike.

Da yat tashi nag gaya mishi. Yac ce, "Ke da kinka koyi a da ba jiya, ke za ki karanta mini littafina?" Yak karɓe yas sa aljihu.

Naƙ ƙyale shi. Na aika Yaya ya aiko mini da ƙananan ƙugiyoyi irin na kawara. Nas samu zaren ɗinkin hula mai ruwan ƙasa nan naɗa jiki, ɗan kumburi daga baya irin na shinge. Nak kama kaza guda da tar rage da sutura, nac cire siraran gashi biyu masu ruwan toka ƙarƙashin fiffike, naɗ ɗaura su kwance bisa baya. Idona ba shi da kyau, yatsuna sun ƙage, guda goma nal lalata kafin guda tay yi kama. Nas sa ta cikin kwanon ruwa tsakar gida in ga ko tana tsayawa sama. Kazar da nac cire wa gashin, ita da kanta taz zo tak kai mata sara. Nac ce to, an samu shaida guda. Nay yi uku naƙ ƙulle bakin zane.

Kwana kaɗan taubashi yaz zo da labari, har da sauri, wai mutanen Lahodu sun fara binne, suna zuba iri cikin busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa, don haka shuka ta kama. Liman yac ce garin ga anka ce, kuma nan Wurno ne. Amma ko shi taubashin na lura dariyatai ta rage. Ya fara gane cewa wasan nashi na iya fidda tsohuwa daga ɗakinta.

Ranar wata Lahadi hadari yah haɗo daga gabas tun hantsi. Ana gama azahar yas sauko, ruwa na gaske, har indararo na amai. Bai tsaya ba sai gab da la'asar. Naj ji maza waje suna tona ƙasa suna cewa danshi ya wuce kamu, gobe sai gona. Ana ta fiddo sungumi, mata na kwance irin gero. Alhaji na zaune bakin gado ya dafe kai. Ya ma fara ce mini in yafe mishi.

Nac ce, "Ba yanzu ba. Tashi ka ɗauko sandarka."

"Hajiya, an gama."

"Ka tashi nac ce. Shekara guda kana wasa da aurena, yau ni zan yi wasa da shi."

Na leƙa waje nac ce wa taubashi shi kamo hannun liman su biyo mu gulbi, tunda da bakinai anka ƙulla abin. Muna fita gari shinge ya fara tashi, ɗaya ɗaya, kafin mu kai fadama ya cika sama, shina shiga hanci shina shiga riga. Nak kai shi wata kwana ƙasan gari inda ruwa ke tsayawa da zurfi, jan ruwan tudu bai iso ba tukuna. Ko ban faɗa ba ya gani: ruwan duk zobe-zobe, kawara na tasowa tana cafkar shinge, fal, fal, ta ko'ina.

Yab buɗe gwangwani. Yaf fiddo Gimbiya.

Naf fizge ta naj jefa cikin ciyawa. Nak kwance bakin zane naɗ ɗaura mishi tawa da ƙullin gidanmu.

Yac ce, "Wanga ƙazamin abu? Ko launi babu."

"Gashin kaza ne ko ba shi ba?"

"Shi ne."

"To jefa."

Yaf fara wulwulawa, gaba, baya, gaba, baya, irin na waya. Zare yat tafi baya yas sarƙe ga ƙaya, shingena na fari yat tafi ke nan. Naɗ ɗaura na biyu. Rana ta yi ƙasa, ta yi ja. Can bisa gaɓa ina hango taubashi riƙe da liman, suna saukowa taku guda su huta.

Nac ce, "Alhaji, don girman Allah bar dukan iska. Ga kifi nan gabanka, taku huɗu. Aje mishi a hankali ka yi shiru."

Ya aje. Gashin yaz zauna bisa ruwa tsakanin shinge na gaske, ruwa na tafiya da shi sannu. Ni kaina na ɓata wane ne namu. Sai ruwa yaf fashe, zare yam miƙe, kan sandar yal lanƙwasa. Alhaji yay yi wata ƙara da ban taɓa ji ba ko ranar da anka ba shi kujerar Makka. Yaj jawo. Kawara ce, fara tas, tsawon tafin hannuna, tana ta fisge-fisge bisa yashi.

Ina cikin hamdala sai nag ga ya durƙusa bakin ruwa. Ya jiƙa hannu, ya cire ƙugiyar a hankali, ya tallabi kifin shina kai shi cikin ruwa.

Nac ce, "Mi kake yi?"

"Sakinai zan yi. Haka ake yi. In an kama a duba a sake shi, shi ne cikar abin."

Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Naf faɗa kainai da duk nauyina, munka zube cikin laka mu biyu, kifin yas suɓuce, nad danne shi da ƙirji daidai bakin ruwa. Nal laluba nak kama shi ta kai.

Nac ce, "Saki dai, saki dai! Kai ba ka san komi ba sai saki? Gindin icce kac ce za ka kai shi!"

Haka liman da taubashi sunka iske mu, tsoho da tsohuwa cikin laka, fukafukan shinge manne ga fuska. Na miƙa wa liman kifin yad duba bakin inda ƙugiya tas shiga, yad dubi gashin da ke reto ga zare, yash shinshina ko an shafa wani abu. Ban ba Alhaji riƙo ba sai da munka iso gindin dogon yaro. Nan nas sa mishi a hannu, ina riƙe da wuyan hannun, ya aje bisa tabarma gaban mutane ana kiran magariba.

Taubashi yac ce, "Wanga ai jikan kifi ne."

Liman yac ce, "Shina da ɓawo, shina da ƙaya, cikin gulbi anka fidda shi. Ba a ambaci girma ba. Aure na nan." Sannan yaj juya ga Alhaji yay yi mishi faɗan da ya kamata a ce ya yi tun bara.

Da asuba gari yaf fita shuka, mu ma munka fita, shina sara ina zuba iri. Munka yi layi biyu. Can yac ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Amma dai kin ga dabarar Bature ta yi aiki."

Nac ce na gani.

"Wai ina kinka samo wanga na shinge?"

"Shafin fari."

"Ai ni nar rubuta shi."

"Ni nak karanta."

Yac ci gaba da sara. Kifin ban soya ba, banda nay yi mishi naƙ ƙulle cikin tsumma, shina cikin kwallata har yau. Sandar kuwa na karɓe, da ita nike kaɗo lemun tsami na can sama. In Alhaji ya fara ɗaga murya majalisa, sai in ɗan buga ta ga katanga sau biyu, shi sauko.